Yadda Ake Nazarin Wasannin Ces na 'Yan Kulob da Aka Rubuta

Mai koyon wasan dara na ces yakan fara da kallon wasannin manyan zakarun duniya, ya ƙare bai ɗauki komai ba, domin su kuskurensu ƙanƙane ne ƙwarai, ido bai cika ganinsa ba. Wasan 'yan kulob masu maki, wato ma'aunin ƙarfin ɗan wasa, tsakanin 1400 da 2000 daban yake. A nan ake barin doki babu mai gadi, a buɗe gaban sarki babu dalili, a kuma saki nasarar da ta riga ta shigo hannu a ƙarshen wasa. Irin kurakuran da kake yi ke nan, kuma su abokin karawarka zai yi a gabanka gobe. Aikin nazari shi ne ka gano takun da wasa ya juya, ka faɗi dalilinsa da bakinka, kafin ka bari inji, wato manhajar kwamfuta mai lissafin ces, ya faɗa maka.

Kayan aiki kaɗan ne: allon ces na gaske da 'ya'yansa, littafin rubutu, biro, agogo, sai waya ko kwamfuta mai injin Stockfish, wanda kyauta ake samunsa. Allon gaske ya fi allon waya don wannan aiki, saboda a waya yatsa yakan yi ta danna gaba har wasan ya ƙare cikin minti biyu, hankali bai tsaya ko'ina ba.

Karanta rubutun wasa

Layukan tsaye na allo suna da haruffa daga a zuwa h, na kwance kuma lambobi daga 1 zuwa 8, ana ƙirgawa daga ɓangaren Fari. K sarki ne, Q sarauniya, R hasumiya, B bishof, N doki. Dakare ba shi da harafi, gidan da ya sauka kawai ake rubutawa, kamar e4. Alamar x na nufin an ci ɗa, + an kai wa sarki hari, # an rufe sarki wasa ya ƙare. O-O ɓoye sarki ne ta gajeren gefe, O-O-O ta dogon gefe. Sakamako kuwa 1-0 Fari ya ci, 0-1 Baƙi ya ci, ½-½ canjaras.

Yawancin wasannin da za ka samu a intanet suna cikin tsarin adana rubutun wasa da ake kira PGN, wanda Steven Edwards ya tsara a farkon shekarun 1990. A saman kowane wasa akwai bayanai bakwai na dole: sunan gasa, wuri, kwanan wata, zagaye, mai Fari, mai Baƙi da sakamako. Sau da yawa ana ƙara makin 'yan wasan, tsawon lokacin agogo, da lambar buɗin wasa, wadda ke tsakanin A00 da E99. Idan fayil ɗin yana ɗauke da lokacin da ya rage wa kowa bayan kowane taku, ka riƙe shi da kyau, don zai yi maka amfani nan gaba.

Zaɓen wasan da ya cancanci lokacinka

Nan mutane da yawa ke fara ɓata. Ba kowane wasa ne ake zama a kansa ba.

Ka fara da maki. Tsarin Elo, wanda Arpad Elo ya ƙirƙira, hukumar ces ta duniya FIDE ta karɓe shi a 1970. A lissafinsa, wanda ya fi abokin karawarsa da maki 200 ana sa ran ya kwashe kusan kashi 76 cikin ɗari na sakamako, wanda ya fi da 400 kuwa kusan kashi 91. Saboda haka ka nemi wasannin da 'yan wasan biyu suka fi ka da maki 200 zuwa 300, kuma ratar da ke tsakaninsu ba ta wuce 150 ba. Wanda ya ɗan fi ka, za ka iya bin tunaninsa. Idan kuwa ratar da ke tsakanin su biyun ta yi faɗi, wasan yakan zama na gefe ɗaya, ba ka ganin yadda ake tsaro.

A kula, makin FIDE da na shafukan intanet ba ma'auni ɗaya ba ne. Shafin buga ces na Lichess na amfani da tsarin maki na Glicko-2, sabon shiga kuma yana farawa da 1500, don haka mai 1800 a can yawanci bai kai mai 1800 na FIDE ƙarfi ba. Kada ka gauraya su a jeri ɗaya ba tare da ka rubuta inda kowane wasa ya fito ba.

Sai tsawon lokaci. Ka bar wasannin minti uku da minti biyar, domin abin da za ka tarar a ciki gaggawa ce kawai, ba tunani ba. Mafi ƙanƙanta shi ne minti 15 da ƙarin sakan 10 a kowane taku. Mafi kyau shi ne irin na gasa, minti 90 da ƙarin sakan 30. Ka kuma zaɓi wasan da ya kai taku 30 zuwa 60, kuma a cikin buɗin da kai ma kake bugawa. Lichess na da ma'ajiyar buɗin wasa inda za ka tace wasanni bisa maki da tsawon lokaci, nan ne mafi sauƙin samu. Suna kuma sakin dukkan wasannin kowane wata kyauta, amma fayilolin suna da girma sosai, mai farawa ba ya bukatarsu. Mujallar intanet ta Mark Crowther, The Week in Chess, wadda ke fita mako-mako tun 1994, ita ma tana kawo wasannin buɗaɗɗun gasa, inda allunan ƙasa-ƙasa ke cike da 'yan kulob.

Wasa goma zuwa ashirin a buɗi ɗaya sun isa zango ɗaya na nazari. Kada ka zaɓi waɗanda ɓangarenka ya ci kawai. Rabi su zama waɗanda ya sha kashi.

Idan daga takardar hannu aka kwafo wasan

Dokar FIDE ta wajabta wa ɗan wasa rubuta takunsa da na abokin karawa a dogon wasa. Amma idan lokacinsa ya gaza minti biyar, kuma babu ƙarin sakan 30 ko fiye a kowane taku, an yafe masa rubutun. Wannan ne ya sa za ka ga wasa ya yanke a taku na 36, sai kawai 1-0, alhali allo bai nuna wanda ya ci ba. Irin wannan ka yi nazarinsa har inda rubutu ya tsaya, kada ka ƙirƙiro dalilin sakamakon.

Kurakuran rubutu ma suna da kamanni. An rubuta Nd7 alhali dawakai biyu na iya zuwa can, ba a ce Nbd7 ko Nfd7 ba. Mai Baƙi ya ƙirga layi daga ɓangarensa, ya rubuta Nf3 maimakon Nf6. Wani lokaci taku ɗaya ya faɗi, sai takun Fari su koma layin Baƙi. Maganinsa shi ne ka gwada kowace fassara, ka ci gaba taku huɗu ko biyar, wadda ba daidai ba za ta kai ka ga takun da ba zai yiwu ba.

Zagaye na farko: kallo kawai

Ka rufe sakamakon da takarda idan za ka iya, ka kashe inji. Ka buga wasan daga farko zuwa ƙarshe cikin minti biyar zuwa bakwai, ba tare da tsayawa lissafi ba. Da ka gama, ka rubuta jimla biyu ko uku: wane ne ya riƙe ragama, a wane gefen allo aka gwabza, kuma a wajen taku na nawa ka ji iska ta sauya. Ko ba daidai ba ne, ka rubuta. Za ka dawo ka gwada shi da abin da ka gano daga baya, kuma ratar da ke tsakani ita ce ke nuna maka inda idonka yake da rauni.

Zagaye na biyu: ka zauna a kujerar ɗayansu

Wannan ne zuciyar aikin, kuma shi ke cin lokaci, minti 40 zuwa awa ɗaya. Ka zaɓi ɓangare ɗaya, ka juya allo ya fuskance ka kamar kai ke bugawa. Ka wuce taku takwas ko goma na farko, sannan ka rufe sauran rubutun, kana buɗe taku ɗaya-ɗaya. Kafin ka ga abin da ɗan wasan ya buga, ka rubuta naka.

A kowane taku, tambaya ta farko ita ce: me takun abokin karawa na ƙarshe yake nema? Bayan nan ka duba abu uku a jere, naka da nasa: harin sarki, cin ɗa, da barazana. Sai ka fitar da taku biyu ko uku da kake ganin sun dace, ka zaɓi ɗaya. Takun da ba shi da rikici ka ba shi minti ɗaya ko biyu. Inda 'ya'ya suka cuɗe, ko za a yi musayar sarauniya, ko za a tura dakaren da zai sauya fasalin allo, ka tsaya minti goma da agogo. Kada ka taɓa 'ya'yan yayin lissafi, domin a gasa ba za a bar ka ba. Ka rubuta layin da ka hango har ƙarshensa, da hukuncinka a kansa: Fari ya fi, Baƙi ya fi, ko daidai suke.

Rubutun nan ba ƙawa ba ne. Wanda bai rubuta ba, da ya ga amsa sai zuciya ta raya masa cewa ai ya gani.

Ga misalin da ke yawan faruwa a wasannin kulob. 1.d4 d5 2.c4 e6 3.Nc3 Nf6 4.Bg5 Nbd7 5.cxd5 exd5. Ka tsaya nan a kujerar Fari. Dokin f6 kamar a ɗaure yake, don idan ya motsa, bishof na g5 zai ci sarauniya a d8. Dakaren d5 ke nan babu mai gadi na gaske. Fari ya buga 6.Nxd5, sai Baƙi ya amsa da 6...Nxd5, ya bar sarauniyar. 7.Bxd8 Bb4+. Yanzu dubi sarkin Fari: sarauniya a d1, bishof a f1, dakaru a e2 da f2, ba shi da mafita, kuma babu mai tare hanya sai sarauniya. 8.Qd2 Bxd2+ 9.Kxd2 Kxd8. Ka ƙirga abin da ya rage da ma'aunin da aka saba, dakare 1, doki da bishof 3, hasumiya 5, sarauniya 9, za ka ga Baƙi ya ci doki a bakin dakare ɗaya.

Mai nazari da gaggawa zai sa alamar ??, wato babban kuskure, a taku na 6 ya wuce. Wannan bai isa ba. Abin da ya kamata ya shiga littafinka shi ne dalilin: Fari ya tsayar da lissafi a inda ya ci sarauniya, bai duba harin sarkin da ke biye ba, kuma bai lura cewa tashin dokinsa daga c3 ya buɗe layin karkace daga b4 zuwa e1 ba. Ka ƙara da tambayar da ke mayar da tarko ilimi: me zai sauya da za a ce dokin Fari ya riga ya fito f3? A nan zai tare harin da Nd2, sarauniyarsa ta tsira. Ashe dabarar Baƙi ta rataya ne a kan abu ɗaya tak, kuma wanda ya san wannan zai gane ranar da dakaren d5 yake ciwuwa da ranar da ba ya ciwuwa.

Gano inda wasan ya juya

Bayan zagaye na biyu, ka ware wurare uku, kada su wuce huɗu. Na farko, inda aka bar sanannen buɗi, da wanda ya fara barinsa. Na biyu, takun da ya karkatar da ma'auni. Na uku, dama ta ƙarshe da wanda ya sha kashi ya samu ta ceton kansa. A wasan kulob wannan ta ukun kusan kullum tana nan, domin mai rinjaye ma yakan yi sakaci.

Sau da yawa takun da aka yi asarar ɗa a cikinsa ba shi ne asalin ciwon ba. Idan an ci hasumiya a taku na 27 saboda sarki ya maƙale a layin baya, ka koma baya ka nemo lokacin da ake da sararin buɗe masa ƙofa da h3 ko g3 aka ƙi. Idan aka yi hadayar bishof a h7, ka duba yaushe dokin f6, mai gadin wannan gida, ya tashi ko aka kore shi da e5, kuma ko dokin Fari na da hanyar g5, sarauniya na da hanyar h5. Idan akwai bayanin agogo, ka ɗora shi a kan wuraren nan. Za ka sha ganin mutum ya kashe minti 20 a taku na 12 inda kowane taku mai hankali ya wadatar, sannan ya buga takun da ya kashe shi cikin sakan 15.

Sai yanzu inji

Ka kunna Stockfish bayan ka gama rubuta naka, ba kafin nan ba. Ka saita shi ya nuna layi uku, ka bar shi ya nutsa zuwa zurfi 20 ko fiye a wuraren da ka ware. A lambar da inji ke nunawa, alamar + na nufin Fari ke gaba, alamar - kuma Baƙi. Sauyin 0.2 ko 0.3 ka yi watsi da shi, a matakin kulob ba shi ke yanke hukunci ba. Tashi daga +5 zuwa +8 ma ba labari ba ne, wasan ya riga ya ciwu. Abin nema shi ne inda daidaito ya koma rinjaye, kamar daga 0.3 zuwa -2, ko inda rinjaye ya narke ya koma sifili.

Idan inji ya ƙi takun da ka zaɓa, kada ka kwafi nasa ka rufe. Ka buga naka a allo, ka bar shi ya amsa, ka ci gaba har ka ga da idonka abin da ya lalace. Idan kuma ya kawo taku mai ban mamaki da ke bukatar hangen taku goma, ka duba layinsa na biyu da na uku. Wanda za ka iya bayyana dalilinsa da jimla ɗaya, shi ne naka. Sharhin da ya ƙunshi lambobi kawai, bayan mako biyu ba zai tuna maka komai ba.

A ƙarshen wasa, idan 'ya'yan da suka rage a allo, har da sarakuna biyu, ba su wuce bakwai ba, akwai jadawalin Syzygy da ke ba da tabbatacciyar amsa: ci, faɗuwa ko canjaras. Allon nazari na Lichess yana nuna shi. A nan ne 'yan kulob ke zubar da sakamako ba tare da sun sani ba. Ka jera wannan a allonka: sarkin Fari a e5, dakarensa a e4, sarkin Baƙi a e7. Idan Baƙi ne da taku, dole ya kauce, Kd7 sai Fari ya shiga Kf6, ya ci. Idan Fari ne da taku, Kd5 Kd7, canjaras. Yanzu ka mayar da dakaren e3. Fari na da takun ajiya, ya tura e4 ya miƙa wa Baƙi nauyin motsi, ya ci. Duk lokacin da ka ga ɗan kulob ya yi gaggawar tura dakare kafin sarkinsa ya shige gaba, wannan takun ajiyar ya ƙone. Haka a ƙarshen hasumiya da dakare: mai tsaro ya ajiye sarkinsa a gaban dakaren, hasumiyarsa a layi na uku daga ɓangarensa, sai dakaren ya hau wannan layi sannan ya zagaya baya ya yi ta kai wa sarki hari. Tsaron Philidor ke nan, kuma ka duba ko an bi shi duk inda irin wannan ƙarshe ya bayyana.

Littafin kurakurai

Kowane wasa ya samu shafi ɗaya: makin 'yan wasa, tsawon lokaci, lambar buɗi, wuraren da ka ware, da dalilin kowanne. Ka ba dalilan sunaye kaɗan da za ka riƙa maimaitawa, misali rashin duba barazanar abokin karawa, yanke lissafi da wuri, barin sarki a tsakiya, musayar da ba ta dace ba, tura dakare babu dalili, rashin sanin ƙarshen wasa, da matsin agogo. Gefe guda kuma ka rubuta naka: a taku nawa zaɓinka ya fi na ɗan wasan, a nawa ya gaza, kuma da wane suna.

Bayan wasa goma ka ƙirga. Idan suna ɗaya ya bayyana sau biyar ko shida a layinka, atisayen makonni masu zuwa ya fito ke nan. A ɓangaren buɗi ma tarin wasannin zai nuna maka abin da littattafai ba su cika tsayawa a kai ba, wato abin da mutane ke bugawa a zahiri. Bayan 1.e4 e5 2.Nf3 Nc6 3.Bc4 Nf6 4.Ng5 d5 5.exd5, masana sun fi son 5...Na5, inda Baƙi ke sadaukar da dakare don ya riga fito da 'ya'yansa. Amma a kulob za ka yi ta cin karo da 5...Nxd5, wanda ke ba da damar 6.Nxf7 Kxf7 7.Qf3+ Ke6 8.Nc3, sarkin Baƙi ya fito tsakiyar fili yana gadin doki. Ka tara wasanni huɗu ko biyar daga wannan wuri, ka ga yadda Fari ke ci gaba da harin da kuma inda yake sakinsa.

Wuraren da ka kasa ganowa a zagaye na biyu, ka adana su a tsarin FEN, wanda layi ɗaya ne na rubutu da ke riƙe matsayin dukkan 'ya'ya da wanda ke da taku. Ka sake jera su a allo bayan kwana bakwai, sannan bayan wata ɗaya, ba tare da duba sharhinka ba. Wanda ka warware sau biyu a jere ka cire shi daga jerin, wanda ya sake kayar da kai ya koma sahun na mako mai zuwa. Wasa biyu a mako da aka bi ta wannan hanya sun isa, kuma kowane na uku ya zama naka, wanda ka buga da kanka a dogon lokaci, ka zauna a kujerar abokin karawarka ka nemo abin da ya kamata ya yi maka.